Sanwic ɗin kaza mai yaji: abin da aka tsayar

A tattaunawar da aka yi kan sanwic ɗin kaza mai yaji, tambayar dai ita ce, me ya sa na gida ba ya yin ƙamas-ƙamas kamar na saye? Kusan kowa ya ce tun daga jiƙon naman ake ɓata shi. A buge tsokar ta yi faɗi, kaurinta ya zo ɗaya, a jiƙa ta cikin madara mai tsami da gishiri da tafarnuwa da barkono, aƙalla awa 4, ko ta kwana a firij. Masu son cinya sun fi yawa, don ba ta bushewa kamar ƙirji.

Dabarar da ta fi burge ni ta fulawa ce. A haɗa ta da sitacin masara, a ɗiga mata ruwan jiƙon cokali biyu, a murtsuke da yatsu har ta yi gudaji, sannan a turmusa naman a ciki kafin a soya. Gudajin nan su ne ɓawon da ke ƙara a baki.

Kan yaji aka rabu. Wasu na zuba shi a fulawa, wasu suka ce ƙonewa yake ya yi ɗaci, gara a kwaɓa garin barkono da man suya mai zafi a shafa bayan an tsame. Ni ina tare da na biyun.

Zafin mai ya kai digiri 175 a ma'aunin Celsius, kuma kar a cika kasko. Zafin cikin naman ya kai digiri 74. Bayan an tsame, a ajiye shi kan ragar ƙarfe, takarda na sa shi laushi. Burodi kuwa a gasa cikinsa da bota, a shafa mayonis, a ɗora kokwamba mai tsami.