Taƙaitawar Shawarwari Kan Harbi Da Tsofaffin Bakuna

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan ko za a iya ci gaba da harbi da tsofaffin bakuna.

1. Kusan kowa ya amince cewa bakunan da kamfanoni irin su Bear da Ben Pearson suka ƙera a Amurka a shekarun 1960, waɗanda aka manne katako da zaren gilashi a jikinsu, har yanzu suna tura kibiya da sauri da daidaito, matuƙar an ajiye su nesa da zafi.

2. Kafin a ɗaura tsarkiya, a duba ko mannen ya fara sakewa ko wani reshe, wato ɗaya daga ɓangarori biyu na bakan da ke lanƙwasawa, ya murɗe. Tsagar da ta ratsa reshe a kwance haɗari ce, kuma a ganina babu sassauci a nan.

3. A yi amfani da tsarkiyar Dacron, wato wani irin zaren roba, domin tana ɗan miƙewa, alhali tsarkiyoyin zamani marasa miƙewa kan fasa ƙarshen reshe. Kada a saki tsarkiya ba kibiya.

4. Ra'ayi ya rabu kan bakunan katako zalla: wasu sun ce a rataye su kawai saboda itacen ya bushe, wasu kuma suna jan su kaɗan-kaɗan har su saba.