Kibod mara waya mai tacfad a jiki, wanne ya kamata in saya?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa kwamfuta da talabijin a falo, ina son kibod mara waya mai tacfad (wurin da ake goga yatsa don motsa kibiya) a jiki don in daina tashi daga tabarma kowane lokaci. Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Na Marwa: Wa alaikumus salam. Fara duba jerin haruffan, malam, AZERTY na Faransanci ne ko QWERTY na Turanci, don kayan da ke shigowa ta Najeriya yawanci QWERTY ne, in kana rubuta Faransanci é da ç za su wahalar da kai. Ni Logitech K400 Plus nake amfani da shi, batir AA guda 2 yake ci, yana kai mita 10, tacfad ɗin na hannun dama kuma akwai maɓallin ƙara sauti, amma fa ba ya haske ko kaɗan, in kana kallo cikin duhu sai lalube.

Hajiyar Kusiri: Gaskiya haske yana da amfani. Ni dai abin da ya fi damuna ɗan USB ɗin nan da ake cusawa, ƙarami ne sosai, yaran gida suka cire shi suka ɓatar, shi ke nan kibod ya zama kwalliya. Nemi mai Bluetooth in kwamfutarka na da shi.

Na Marwa: Hajiya Bluetooth wani lokaci sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya farka. Kuma ya gwada tacfad ɗin a shago da yatsa biyu ya ga ko shafi na sauka, masu araha da yawa kibiyar tsalle take yi.

Ɗan Garwa: Na gode. Mai caji fa, ya fi mai batir?