Wace Kalma Za Mu Ba “Knurling” Na Kan Babur?

'Yan'uwa masu kishin harshe, wata kalma ta tsaya mini a rai tun ranar da na zauna rubuta bayanin abin da ke sa dogon kan babur ya riƙa zamewa a cikin maɗaurinsa. Kalmar ita ce “knurling” ta Turanci, wato ƙananan layukan nan da ake dannawa a jikin ƙarfen, daidai wurin da maɗauri yake kama shi.

Matsalar ta fi damun masu hawan Harley-Davidson a Amurka, waɗanda ke cire kan da babur ya zo da shi su ɗora mai tsawon inci 14 ko 16. Iya tsawon ƙarfen, iya ƙarfin da yake murɗa wurin ɗaurin duk lokacin da mahayi ya taka birki nauyinsa ya tafi gaba, kamar yadda bakanike ke zura bututu a sifana don ya kwance notin da ya ƙi kwantuwa. Waɗannan layukan ne ke cizon maɗauri su hana kan juyawa.

Na fara tunanin “tsaga”, amma tsaga yanka ce, kuma wanda ya ji an ce ƙarfe yana da tsaga zai ɗauka ya dare. “Haƙora” kuwa giyar inji ta riga ta mallake ta. Na fi daɗewa a kan “kaushi”, sai na ga cewa tsatsa ma tana kawo kaushi, alhali abin da muke nufi aiki ne da aka yi da gangan.

Shawarata ita ce “koɗa”. Ina yaro na sha ganin kakata, idan dutsen niƙa ya yi sulɓi har gero ya fara tsere wa ɗan dutse, ta ɗauko makoɗi ta zauna tana bubbuga fuskarsa a hankali har ta yi kaushin da zai kama ƙwaya. Manufar ɗaya ce: a hana abu biyu zame wa juna. Na gwada ta cikin jimlolin da bakanike zai buƙata, ta kuma zauna daram. Zai ce koɗar ta cinye, ko fenti ya cike koɗar, a kankare shi a goge maiko kafin a ɗaure. Zai ce koɗar ba ta faɗa cikin maɗauri ba, ko kuma a koɗa wurin tukuna. Sai dai koɗa ba ta maganin kaurin da bai dace ba, domin kan Harley yawanci inci 1 ne, na galibin baburanmu kuma milimita 22, kuma idan marfin maɗauri ya riga ya haɗe da gindinsa ta gaba da baya, ƙara matse noti ba zai ƙara riƙo ba.

Ban ɓoye rauninta ba. Ita koɗar dutse da duka ake yin ta, wannan kuwa da injin da ke danna ƙarfe yana juyawa, sannan yaran birni da yawa ba su san “koɗa” ba sai da ma'anar yabo, wasu ma za su rikita ta da ƙoda a rubuce. Ina roƙon kanikawan Kano, Maraɗi da Damagaram su faɗa mana abin da suke kiran wurin nan a bakin aiki, domin idan suna da tasu kalmar, ita ce ta cancanci a rubuta.