Agogon Baba da kwalinsa: muhawarar 'yan gida

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Jiya muka buɗe akwatin ƙarfen marigayi Baba a gidan Ƙofar Marusa. A ƙasan rigunansa na tarar da agogonsa ƙirar Seiko 5 cikin kwali, har da takardar garanti mai hatimin shagon Jidda. Wani ya taya, amma na ce sai an yi masa ƙima a cikin gado. Ni dai a wurina magana ta ƙare: agogon da ke da kwalinsa da takardarsa na asali ne.

Auta: Wa'alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba. Amma ka yi haƙuri, kwali ba ya shaidar agogo. Ana sayar da tsofaffin kwalaye babu komai a ciki, mutum ya saya ya zura agogon jabu. Ka juya shi ka karanto mana abin da ke murfin baya.

Goggo: Kai Auta, wane irin jabu? Da idona na ga ranar da ya dawo daga aikin hajjin 1981. Mun taro shi a filin jirgin Kano, muna isowa Katsina ya kwance kaya a tsakar gida ya fiddo shi, yana nuna mana yadda ranaku ke fitowa da Larabci.

Auta: Goggo, wallahi ba maganarki nake musu ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, agogon ya ratsa hannun masu gyara, shi nake jin tsoro.

Yaya Babba: To ga shi. Akwai 6309, sai ɗan layi, sai wasu lambobi huɗu. A gefe kuma akwai wata lamba mai gurbi shida, ta fara da 0, sai harafin N.

Auta: Alhamdulillahi. 6309 sunan injin ne, huɗun da ke biye na gangar jikin agogon ne. Mai gurbi shidan ita ke faɗin haihuwarsa. Gurbin farko shi ne lambar ƙarshe ta shekara, na biyu wata. Daga Janairu zuwa Satumba suna sa 1 zuwa 9, Oktoba O, Nuwamba N, Disamba D. Ke nan Nuwamba ne, a shekarar da ta ƙare da sifili. Za ta iya zama 1970 ko 1980 ko 1990, sai dai injin 6309 bai fito ba sai 1976, kuma kafin 1990 an daina yin sa. Saura 1980 kawai. An ƙera shi a Nuwamban 1980, Baba ya saya a 1981. Lissafi ya yi daidai da maganar Goggo.

Yaya Babba: Ka gani ko? Abin da na faɗa tun farko.

Auta: Murfin ne ya ba da wannan shaida, Yaya, ba kwalin ba. Duba lambar da mai shago ya rubuta a garanti. Ita ce a jikin agogon?

Yaya Babba: Ikon Allah. Ba ita ba ce. Ta takardar ta fara da 14.

Goggo: Innalillahi. To ta wane ce?

Kawu: Ku dakata, yanzu na idar da La'asar na ga saƙonninku. Biyu Babanku ya sayo a shekarar nan, iri ɗaya, ya ba ni guda. Na ɗauko nawa, na sa jikana ya haska min da fitilar waya. Da 14 ya fara, sauran lambobin ma zan turo ku gwada. Ashe ran nan a tsakar gida muka yi musayar kwali ba mu sani ba. Wanda ya biyo ni gara ta cinye shi tuntuni.

Auta: Afrilun 1981 ke nan, Kawu. Kwalin gaskiya ne, takardar gaskiya ce, amma na agogonka ne.

Yaya Babba: Na karɓi wannan. Amma agogon Baba bai tashi daga na asali ba don kwali ya kuɓuce.

Anti Ƙarama: Yaya, akwai abin da na tuna. Wata damina ruwa ya shiga agogon, gilashin ya yi gumi, fuskar ta yi tsatsa-tsatsa. Ni Baba ya aika na kai wa mai gyara a kasuwa. Da na karɓo, fuskar da na sani mai ruwan toka ta koma shuɗiya mai ƙyalli. Baba ya daɗe yana kallonta, bai ce komai ba, ya ɗaura.

Auta: Shi ya sa hoton da Yaya ya turo yanzu bai kwanta min ba. Fuskar asali tana da ɗan siririn rubutu a can ƙasa, wajen ƙarfe shida, da sunan Japan da lambar injin, sai ka ƙura ido za ka gani. Akwai kuma 'yar alama mai kama da guguwa ta masana'antar Suwa, inda ake yin wannan injin. Wannan fuskar babu ko ɗaya, kuma harafin S ya fi sauran kauri. Irin waɗannan fuskokin, da yawa a Indiya ake sake fenta su. Masu tara tsofaffin agogo kuwa sun fi son fuska mai tabon shekaru a kan sabon fenti, kuɗin ma ba ɗaya ba ne.

Yaya Babba: Ban yarda ba. Inji shi ne agogo. Na girgiza shi sau uku ya tashi, hannun sakan yana tafiya sumul, ba tsalle-tsallen na batir ba. In mutum ya sake riga, ya zama wani mutum ne?

Auta: Mu a wurinmu agogon Baba ne, ko da hannayensa aka sake. A wurin mai saye kuwa gamin gambiza ne, har sai an buɗe an ga 6309 a jikin injin kansa. Murfi ma ana musanyawa.

Kawu: Duk ku biyun kuna da gaskiya a wani ɓangare. Amma in za a sayar, dole a gaya wa mai saye an sake fuska, kuma kwalin ba nasa ba ne. Hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu yana nan a Muslim. Dukiyar magada ce, kada a gauraya ta da shubuha.

Yaya Babba: To ranar Asabar Auta ya zo mu je babbar kasuwa, a buɗe shi a gabanmu. Kawu, zan kawo maka kwalinka da takardar.

Goggo: Ku gaya wa mai gyaran kada ya goge kwarzanen da ke gefen gilashin. A ƙofar ɗakina ya samu shi, ranar da yake gyara min ƙyaure. In an yi ƙimar ku faɗa min nawa ne, ni zan biya magada, ba zai bar gidan nan ba.