Farfelar ƙaramin jirgina ta ɓata, ya zan yi?

Baban Ummi:
Salam 'yan uwa. Ina da ƙaramin jirgin roba DC-3 Dakota na kamfanin Airfix, sikeli 1/72 (wato an rage girman na gaske sau 72), wajen 'yan gwanjo na tsince shi an riga an harhaɗa amma farfela ɗaya babu ita kwata-kwata, ɗayar kuma Ummi ta karya mata fiffike tana wai sai ta ga yana juyawa. So nake in masa fentin Nigeria Airways don irinsa suka yi amfani da shi a da, to amma jirgi ba farfela ai kamar zakara ne ba zanko. Akwai dabara?

Injiniya_Kd:
Wa alaikumus salam. Ka fara da awo tukuna. Farfelar DC-3 ta gaske fiffike 3 gare ta, faɗinta ƙafa 11 da inci 6, wajen mita 3.5 kenan, in ka raba da 72 zai ba ka kusan milimita 49. In ka san mai tarkacen jiragen roba B-17 ko B-24 na 1/72 roƙe shi, su ma farfelarsu ta kamfanin Hamilton Standard ce mai fiffike 3 kuma girman kusan ɗaya ne, ba mai ganewa sai ɗan ƙwaƙƙwafi.

Mai Samfefa:
Malam kar ka wahalar da kanka da oda daga waje, kuɗin aikowa sai ya fi kuɗin jirgin. Cokalin roba na tekawe ni nake amfani da shi, don bayansa yana da ɗan lanƙwasa irin na fiffiken gaske, ka ɗora fiffiken da bai karye ba a kai ka zana da alƙalami ka yanka da reza sannan ka bi da samfefa mai laushi a hankali har ya yi siriri a baki. Tsakiyar kuma guntun tsinken roba ya isa, ka huda da allura mai zafi ka sa 'yar waya kafin sufa gulu, in ba haka ba ko iska ta kaɗa sai ya ɓalle. Ka yanka 8 ko 9, wallahi sai ka ɓata wasu, ni har yatsa na yanka a na farko.

Injiniya_Kd:
Ƙari a kan maganar Mai Samfefa, kar ka liƙa su a miƙe shafal, kowane fiffike a ɗan karkace yake, kuma duka injinan biyu gefe ɗaya suke juyawa, don haka karkatar ta zama iri ɗaya. Kuma gara ka sake duka biyun, sabuwa da tsohuwa a jere ido zai kama.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Cokula kam akwai su cike da durowar uwargida. Fentin fa, baƙi ko ruwan azurfa?

Mai Samfefa:
Baƙi da rawaya a baki na soja ne lokacin yaƙin duniya na 2. Na fasinja ka sa azurfa. Sannan ka ɗora shi saman wadrob inda hannun Ummi ba zai kai ba.