Warware busassun gawarwakin Masar a Landan: ilimi ne ko cin mutunci?

Malam Habu: Ni fa ban ga laifin Turawan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya ba kan gawarwakin Masar. Bincike suke yi. Ba don su ba, wa zai san yadda ake busar da gawa ta shekara 3,000 ba ta ruɓe ba?

Hajiya Rabi: Bincike har da tikiti, Malam? Likitan nan na Landan, Thomas Pettigrew, tun shekarun 1830 kuɗi ake biya a shiga kallonsa. Gawa kan teburi, yana warware ƙyallen da aka naɗe ta, inda ƙaro ya daskare ya ɓamɓare da ƙarfi, masu hali na ta leƙe. Wasu gawarwakin ma niƙa su aka yi aka haɗa fenti.

Malam Habu: Zamaninsu ne, Hajiya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Usman: Gafarta Malam, a nan ne ban yarda ba. Sun san darajar gawa sarai. Kejin ƙarfe suke ɗora wa kaburburan 'yan uwansu saboda ɓarayin gawa, har majalisa ta yi doka a 1832. Tasu abar tsaro ce, ta Bamasare abar kallo.

Sadiya: To amma wa ya sayar musu? Gidan Abdul-Rasul da ke kusa da Luksor sun yi shekaru suna sayar da kayan kabarin sarakuna a ɓoye kafin asiri ya tonu a 1881, alhali Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar a wancan zamani, ya hana fitar da kayan tarihi tun 1835.

Usman: Ɓarawo da mai sayen kayan sata ai duk ɗaya ne. A 1890 busassun kyanwoyin Masar kusan 180,000 aka yi gwanjonsu a Libaful, takin gona aka yi da su. Wane ilimi ke nan?

Malam Habu: Kyanwa daban. Kuma ai Suratu Yunus ta ce an tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya.

Hajiya Rabi: Mutum ɗaya ayar ta ambata, Malam. Sauran fa, mata da yara? Annabi (SAW) ya miƙe wa gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, ashe ba rai ba ne?

Sadiya: Hajiya, da kika je Alƙahira bara, kin shiga gidan tarihin Fusɗaɗ inda aka mayar da gawarwakin sarakunan a 2021?

Hajiya Rabi: Na shiga. Na ga Ramsis na Biyu, har gashin kansa. Tikiti ma na saya, kada ki tona ni.