Malami yana yi wa Kiristanci shaguɓe a aji a Amurka, doka ta ba shi dama?

Baban_Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu zama a Amurka ko waɗanda suka san dokar ƙasar nan ina da tambaya. Yarona yana sakandaren gwamnati, jiya da daddare muna cin abinci yake ba ni labari wai malaminsu na tarihi in an zo maganar coci a Turai zamanin da sai ya ce ai har yanzu haka suke, yaudarar talakawa kawai, yara su fashe da dariya, wata yarinya Kirista da ke zama kusa da shi ta sunkuyar da kai tana ta wasa da biro har aka tashi ba ta ce uffan ba. Mu Musulmi ne, ba mu ya taɓa ba, amma wlh abin ya tsaya min a rai. Wai malamin ya ce musu yana da 'yancin faɗar albarkacin baki. Haka ne?

Mazaunin_Kaliforniya:
Wa alaikumus salam Malam. Irin wannan ta taɓa zuwa kotu a jiharmu nan ta Kaliforniya. A 2007 wani ɗalibi a makarantar Capistrano Valley ya riƙa naɗar muryar malaminsu na tarihin Turai, James Corbett, ya kai ƙara. Cikin maganganun har da inda ya ce in ka sa tabaran Yesu ba ka ganin gaskiya. A 2009 alƙali James Selna ya bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, kusan duka ya ce suna da alaƙa da darasi ko ba su kai a ce ƙiyayya ga addini ba, har da ta tabaran ma, guda ɗaya tak ya kama shi da ita, inda ya kira aƙidar halitta ta masu adawa da ra'ayin Darwin na juyin halitta camfi da shirme. To a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a hukunta malamin ba saboda babu wani hukunci a baya da ya fito fili ya hana irin hakan, kuma ba ta ce ya yi daidai ko bai yi ba, ta bar maganar a rataye. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron shari'ar a 2012.

Mai_Karatun_Shari'a:
Yaya, malamin yaronka ya yi masa wayo ne kawai. 'Yancin nan da yake taƙama da shi na waje ne, ya rubuta a jarida ko ya hau Facebook a matsayinsa na ɗan ƙasa. A cikin aji kuwa bakin gwamnati ne, albashi ake ba shi ya koyar da manhaja. Tun shari'ar Garcetti a 2006 Kotun Ƙoli ta ce maganar da ma'aikaci ya yi cikin aikinsa ba ta da wannan kariyar, kotuna da dama kuma sun ɗora wannan kan malaman firamare da sakandare. Kuma wuƙar baki biyu gare ta, a 2011 ɗin nan kotun da ta saki Corbett ita ce ta ce hukumar makarantu ta Poway a Kaliforniya tana da ikon sa wani malamin lissafi ya sauke manyan tutoci masu ambaton Ubangiji da ya rataye a ajinsa. Kenan cin nasara a kotu da wuya, amma shugaban makaranta zai iya tsawata masa gobe goben nan.

Hajiya_Malama:
Ni dai ku bi a hankali, na koyar shekaru da yawa. Ta yaya za ka koyar da Martin Luther, malamin cocin Jamus da ya ƙalubalanci cocin Katolika a 1517, ba ka faɗi cewa a lokacin ana sayar da takardun yafe zunubi ba? Ko shari'ar da coci ya yi wa masanin taurari Galileo a 1633? In kowane uba ya ji an taɓa addini ya ruga ofis, malamai za su riƙa tsallake babin gaba ɗaya yara su tashi ba su san komai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan “har yanzu haka suke”, nan ya bar tarihi ya koma tsokana, kuma yarinya 'yar shekara 15 ba za ta iya mayar wa wanda ke ba ta maki martani ba.

Baban_Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni, ba zan fara da shugaban makaranta ba, zan nemi ganin malamin tukuna in ji ta bakinsa don yaro ma yana iya ƙara gishiri. Yanzu yaron ya ce min zango mai zuwa za su shiga babin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya da Daular Usmaniyya, kuma shi kaɗai ne Musulmi a ajin.